Daga Landiroba Zuwa Jif: Tarihin Manyan Motoci a Ƙasar Dayi

A taron ƙungiyarmu na bara wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a haɗa kuɗi a sayi babbar mota, irin wadda ake kira jif, domin ɗauko marasa lafiya da mata masu naƙuda daga ƙauyukanmu a lokacin damina. Kowa ya yi na'am da shawarar, amma da aka zo kan wace irin mota za a saya sai zance ya rabu. Wani ya ce yana da wadda zai sayar wa ƙungiya da araha, wani ya ce a nemo sabon yayi domin a fita kunyar jama'a. Ni dai ban ce uffan ba a ranar, domin maganar ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da ake ba kowane mai jawabi. Na yi alkawarin zan rubuto abin da na gani da idona game da waɗannan motoci a ƙasarmu, da abin da ya taɓa aljihuna, tun da ni ma na taɓa mallakar kashi ɗaya cikin uku na wata daga cikinsu.

Kafin mota, doki ne ma'aunin mutum a wannan ƙasa. To amma iyayenmu ba su cika yabon mutum don ya sayi doki ba. Sukan jira su ga turkensa a cikin bazara, lokacin da harawa ta yi tsada, su ga ko dokin yana samun dawa da dusa da kanwa, ko kuwa haƙarƙarinsa ya fito. Wanda ya ɗaure doki ya kasa ciyar da shi yakan zama abin zunɗe a kasuwa. Na kawo wannan ne domin duk abin da zan faɗa a kan jif bai wuce wannan tsohon lissafi ba.

Ita kalmar jif daga Amurka ta samo asali. Sunan wata ƙaramar motar soja ce da aka fara ƙerawa da yawa a 1941, wadda tayoyinta huɗu duka suke jan ta, saɓanin sauran motoci da biyu kawai ke ja. Dakarunmu da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama sun gan ta a can. Bayan yaƙi, wani injiniyan kamfanin Rover na Ingila mai suna Maurice Wilks yana amfani da irin wannan tsohuwar motar soja a gonarsa, sai ya ga dacewar a ƙera makamanciyarta domin manoma. A 1948 aka fito da Land Rover, wadda mutanenmu suka mayar Landiroba. Saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila a wancan lokaci, sai aka yi mata jiki da alminiyum, shi ya sa har yau idan ka ga gawarta a bayan gareji za ka tarar shasi ya ci tsatsa amma jikin yana nan. Ya kamata masu karatu su lura da wannan: motar da daga baya ta zama alamar mulki da isa, asalinta motar gona ce, an yi ta ne ta ja kaya ta shiga taɓo.

Abin da ya kawo ta ƙasarmu kuwa shi ne auduga da laka. Jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, ga kuma gonar irin auduga a Daudawa. Babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Bakori da Malumfashi ta ratsa Dayi ta nufi Yashe, nan kuma ta haɗu da wadda ta fito daga Kano ta Gwarzo. Wannan mahaɗa ita ce arzikin garinmu tun zamanin Turawa. Sai dai da zarar ka sauka daga babbar hanya, labari ya sake. Ƙasar da ke ba mu auduga da dawa da masara, ita ce kuma ke riƙe taya kamar danƙo daga watan Yuli zuwa Satumba. Babu kwalbati a mafi yawan rafuka, sai dai a jira ruwa ya janye. Di'o da malamin gona da mai duba fuloti da masu allurar shanu duk suna bukatar shiga waɗannan lunguna, kuma babu abin da ke kai su sai doki, ko keke, ko Landiroba.

Ina ɗan firamare, a ƙarshen shekarun 1960, na fara shiga cikinta. Ta kawo mai duba makarantu, aka ce mu ɗora masa akwatin littattafai a baya, direban ya ga mun tsaya muna leƙe sai ya bar mu muka hau muka zauna a kan bencinta na ƙarfe. Har yau ina ganin safayar taya ɗaure a kan bonet, da wasu ƙananan sanduna biyu kusa da giya, ɗaya mai kai rawaya ɗaya mai kai ja. Direban ya ce mana idan ya danna rawayar tayoyin gaba sun kama aiki, idan kuwa ya ja jar baya, to motar ta zama sa, ba ta gudu amma babu taɓon da zai hana ta fita. Sitiyarinta a dama yake, domin sai a watan Afrilu na 1972 ne Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, aka fara shigo da masu sitiyari a hagu.

A wancan zamani babu wani mutum ɗaya a garinmu da na sani yana da irin wannan mota ta ƙashin kansa. Ta En'e ce, ko ta gwamnatin lardi, ko ta kamfanin auduga. Attajiri idan Allah Ya buɗa masa babbar motar ɗaukar kaya yake saye, domin ita ke mayar da kuɗinta. Ita kuwa Landiroba, ganinta a ƙauye na nufin hukuma ta iso, ko da alheri ko da akasinsa, domin ita ke kawo magani, ita kuma ke kawo masu bin sawun haraji. Na ga yadda matasa ke shigewa cikin dawa idan sun ji ƙugin injinta daga nesa.

Shekarun da suka fi kowanne cika da waɗannan motoci su ne daga 1975 zuwa 1980, lokacin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka yi da rancen Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Ƙasar Malumfashi tana cikin shirin. An fasa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, an gina cibiyoyin sayar da takin zamani da iri, an haƙa ƙananan madatsun ruwa. A daidai wannan lokaci kuma likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suna zagaya ƙauyukan Malumfashi suna binciken zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji. Ga kuma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da ya watsa makarantu har inda ba a taɓa zato ba. Duk waɗannan ayyuka suna tafiya ne a kan tayoyi huɗu. Ina kwalejin horon malamai a lokacin, idan mun dawo hutu mukan tsaya a mahaɗar Dayi mu yi ta ƙirga su.

Abin sha'awa shi ne manyan gwamnati na wancan lokaci ba jif suke hawa ba. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, gwamnatin Janar Murtala Muhammed da ta Janar Obasanjo kuma suka ɗauki manufar rage almubazzaranci, har ya zama Peugeot 504 ce motar manya. Landiroba ta ma'aikacin daji ce, mai ƙura a gashin ido. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Leyland ya fara harhaɗa ta a Ibadan, kayan gyaranta suka wadata a Kano da Kaduna da Zariya.

A nan ne zan faɗi abin da ya sa har gobe ba na yarda a raina wannan mota a gabana. Cikin watan Agusta na wata shekara a farkon shekarun 1980, ina koyarwa a wani ƙauye da ke nesa da kwalta, matar maƙwabcina ta kwana biyu tana naƙuda ba ta sauka ba. An yi ruwa kwana uku a jere. Muka ɗora ta a amalanken shanu, muka yi tafiyar da ba ta kai mil biyu ba amalanken ya kafe har gindi. Allah Ya kawo wata Landiroba ta ma'aikatan gona da ta kwana a wani ƙauye gaba da mu. Direban bai tambayi ko su wane ne mu ba. Ya sauke buhunan da ke baya a gindin wata ɗorawa, aka shimfiɗa tabarma, ya ja wannan jar sanda, muka ratsa rafi biyu ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin azahar muna asibitin Malumfashi. Yaron da aka ciro a ranar yanzu magidanci ne da nasa iyalin. Ban san sunan direban nan ba, amma ban taɓa mantawa da shi a addu'a ba.

To, wannan darajarta ke nan a hannun hukuma, mai gareji da ma'aji da kanikawa na kanta. Darajarta a hannun talaka kuwa wani abu ne daban, kuma na ɗanɗana. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aka yi gwanjon wasu tsofaffin motocin hukuma, ni da wasu abokaina biyu, malami da ɗan kasuwa, muka haɗa kuɗi muka sayi Landiroba guda mai dogon shasi. Lissafinmu a takarda ya yi kyau ƙwarai. Za ta riƙa shiga ƙauyukan da a-kori-kura ba ta shiga da damina, ta fito da hatsi da fasinja ranakun kasuwa. Shekarar farko haka aka yi. Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne tsarin tayar da komaɗar tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar naira. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, kafin 1993 sai da ta kai naira 22 a farashin gwamnati kafin ka sami dala guda. Kamfanin Ibadan ya durƙushe. Duk wani ƙarfe da ya karye a motar nan daga Ingila za a kawo shi, da kuɗin Ingila.

Duk da haka motar ta ci gaba da tafiya, kuma sirrin yana hannun wani bakanike a Malumfashi, Allah Ya jiƙansa, wanda ya koyi aiki a garejin En'e. Mutumin nan bai yi boko ba, amma yakan kara kunnensa a jikin inji ya gaya maka abin da ke damunsa. Idan sifirin ya karye ya kai wa maƙeri, idan lagireto ya huje ya liƙe da dalma, kafireto kuwa yakan warware shi a kan buhu ya wanke da fetur ya mayar kafin ka gama cin goro. Abin da ya gagara sai a tura yaro Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a nemo na hannu. Wata rana na yi masa ƙorafin yawan ɗigar baƙin mai, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ranar da ka ga ta daina ɗiga, to ka duba da kyau, man ne ya ƙare." Mun riƙe ta shekara shida. Da muka zauna muka buɗe littafin shiga da fita, wanda ni ne mai rubuta shi, sai muka tarar ba mu ci riba ba, ba mu kuma faɗi ba, in ban da gawarwaki da amare da marasa lafiya da ta ɗauka kyauta, waɗanda ba su shiga littafi. Muka sayar wa wani mai injin niƙa, ya cire injinta ya bar jikin kaji na ƙwai a ciki.

A daidai waɗannan shekaru ne motocin Japan suka ƙwace fagen. Toyota ta fara ƙera tata tun 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, amma sai a shekarun 1980 muka fara ganinta sosai a nan, tare da Mitsubishi Pajero da ta fito a 1982. Gaskiya ɗaya ce, sun fi Landiroba jimiri, ba su cika ɗigar mai ba, kuma ba su faye kwana a gareji ba. Hukumomin lafiya da na gona duk suka koma kansu. Ita tsohuwar Landiroba, wadda aka sake wa suna Defender a 1990, an daina ƙera ta a watan Janairu na 2016, Pajero ma an rufe babinta a 2021.

Sai dai wani canji ya auku wanda ya fi canjin kamfani girma. Tun 1970 Turawa suka fito da Range Rover, jif mai kujerun alfarma, sauran kamfanoni suka bi sahu, aka sa na'urar sanyaya ɗaki da kujerun fata da baƙin gilashi. Da kasuwar motocin hannu ta buɗe ta Kwatano a shekarun 1990, sannan aka dawo mulkin farar hula a 1999, sai jif ta tashi daga motar mai shiga daji ta koma motar wanda ya isa. Prado, wadda Toyota ta fito da ita a 1990, ta zama rigar sarautar 'yan siyasa. A 2023 jaridu sun yi ta cece-kuce a kan jif-jif da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, wadda aka ruwaito kowace ta kai kimanin naira miliyan 160. Ni a ganina abin takaicin ba tsadar ba ce kawai. Mota ce da aka ƙera domin taɓo, ga ta nan tana ƙare rayuwarta tsakanin Maitama da filin jirgi, ƙauyen da aka yi ta dominsa kuwa ya koma hannun babur.

Ba na zargin ƙannena da 'ya'yana da ke zuwa gida da Sallah a cikin irin waɗannan motoci. Halak ɗinku ne, kuma mu ma muna jin daɗi idan muka ga ɗan garinmu ya sami rufin asiri. Amma bari in ba ku labarin wani tsohon ɗalibina. Ya sayi wata ƙatuwar jif ta hannu mai silinda takwas, ya zo da ita gaishe ni, na sa albarka. Kashegari ta ƙi tashi. Aka kira kanikawa biyu, suka buɗe bonet suka tsaya suna kallon juna, domin babu kafireto balle a wanke, komai a rufe yake da roba, kwamfuta ce ke sarrafa mai da wuta da giya. Ɗayansu ya ce masa, "Alhaji, wannan sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta da bakinta, mu nan ba mu da ita." Sai da aka ɗauko wani daga Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba amma ta ci kwana huɗu ana jira, ya zo ya ce wani ɗan abu ne da bai kai girman akwatin ashana ba, kuma sai an aiko da shi daga Legas. Motar ta yi mako biyar a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, yara na wasan ɓuya a bayanta. Shi kuwa a motar haya ya koma bakin aikinsa. Da muka yi waya ya ce, "Baba Malam, ashe araha ba ta ado."

Yanzu bari tsohon malamin lissafi ya ɗauki alli. Daga Abuja zuwa Dayi kimanin kilomita 400 ne, zuwa da komawa 800. Mu ɗauka irin wannan babbar jif tana cin kilomita 6 da lita ɗaya, wanda duk mai ita ya san ban zalunce ta ba. Ke nan tana bukatar lita 130 da 'yan kai. A 1982 litar fetur kwabo 20 ce. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. A wannan farashi, zuwa gida sau ɗaya ya lashe fiye da naira 130,000 a mai kaɗai, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ba a yi maganar taya ba, wadda ake canza huɗu a lokaci guda, ba a yi maganar baƙin mai da batir ba, kuma duk da dala ake shigo da su, dalar da ta wuce naira 1,500 a 2024. A watan Janairu na 2017 ma aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta ƙuntata.

Akwai kuma wani sabon abu a ma'auni wanda iyayenmu ba su san shi ba. Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi kudancin jihar nan, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, babbar mota mai sheƙi a hanyar ƙauye ta zama kamar shela. Na san 'yan'uwa da dama da ke ajiye jif ɗinsu a Kano ko Zariya, su ƙaraso gida a ƙaramar mota da tsohuwar riga. Dā idan ƙauye ya ji ƙugin Landiroba matasa ke ɓuya, yanzu mai motar ne ke ɓoye kansa.

Saboda haka ga abin da nake gani game da shawarar da ke gabanmu. Bukatar tana nan, domin har yanzu akwai unguwannin da idan ruwa ya sauka a watan Agusta babu mai fita da mace mai naƙuda sai a kan babur, mutum biyu na riƙe da ita. Amma kada ƙungiya ta karɓi motar da wani ya gaji da ciyarwa, ko da kyauta ce. A nemi mai sauƙin inji, mai giyar hannu, mai tsayi daga ƙasa, wadda mutum zai iya kwanciya a bayanta a miƙe, irin su Hilux ko Land Cruiser samfurin 70, wanda Toyota ke ƙerawa tun 1984 ba tare da ta cika shi da na'urori ba, kuma shi ne asibitoci da ƙungiyoyin agaji suka fi amfani da shi a karkarar Afirka. Kafin a biya ko kwabo, a ɗauki bakanike daga Malumfashi ko Funtuwa, ba daga Abuja ba, a kai shi ya shiga ƙarƙashinta ya duba shasi da giyar tayoyin gaba, a tambaye shi ko zai iya gyaranta da kayan da ke shagonsa, kuma ko akwai kayanta a Ƙofar Ruwa. Idan ya yi jim, a bar ta.

Sannan a ware kuɗin mai da taya da albashin direba na shekara biyu a asusu na daban tun kafin motar ta iso, a kuma rubuta a fili wane ne zai riƙe makulli da dare, da abin da za a ce wa mai faɗa a ji idan ya aiko a ba shi aronta domin ɗaukar amarya. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba mu wahala ni da abokaina biyu, fiye da sifirin da lagireto. Littafin shiga da fita na waccan tsohuwar Landiroba yana nan a akwatina, bangonsa ya cinye amma rubutun yana karantuwa. Zan kawo shi taro mai zuwa in Allah Ya kai mu, in miƙa wa ma'ajin ƙungiya ya duba shafukan watan Agusta.